Kan Singer, Ƙoshiyar Butterfly

Ana saura mako biyu Sallah, idan dare ya raba a Tudun Wada kuma aka ɗauke wuta, shagunan teloli ba sa rufewa. Manyan kekunan lantarki sai su yi tsit, a lulluɓe su da ƙyalle, a jawo baƙin keken nan na kusurwa, a rataya masa fitilar caji, a hau takawa. Yaran shago suna kiran sa "tsohon Singer" ko da malam-buɗe-littafi ne zane a jikinsa, kuma kuskuren nasu yana da tushe. Kusan duk keken ƙafar da ke aiki a Kano yau, ko daga Sikotilan ya fito, ko Japan, ko Indiya, ko Sin, ƙirar keke ɗaya ce aka yi ta maimaitawa. Wannan kamar da suke da juna ita ta raya sana'ar fiye da sunan kowane kamfani, kuma wanda bai fahimce ta ba zai sha wuya wajen tantance tsohon keke, balle gyara shi.

A shekarar 1851 Isaac Singer ya sami takardar mallakar ƙirar kekensa a Amurka. A wannan shekarar ce kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya shigo Kano, ya tarar da birnin da tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, duk aikin zaren kaɗi da saƙar hannu da allurar maɗinki. Wato keke ya tarar da ɗinki a nan da iyayen gidansa. Hanyar da ta kawo shi da yawa ita ce ta jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Cinikin gyaɗa ya biyo baya, kuɗi suka shiga hannun mutane, kantunan Turawa suka cika da yadi da kayan ƙarfe. Unguwannin bayan ganuwa, irin su Fagge da Sabon Gari da Tudun Wada da Gwagwarwa, su suka fi buƙatar sa, domin a nan ne ma'aikacin reluwe da soja da ɗan makaranta ke neman kaki mai dogon layi madaidaici, da yawa kuma da gaggawa. Harshe ma ya nuna rabuwar: mai allura ya ci gaba da zama maɗinki, mai keke ya zama tela, sunan da aka aro daga bakin Bature. Aska biyu da aska takwas na babbar riga kuwa sun daɗe a hannun masu allura, don keken layi ɗaya ba ya wannan aikin.

Singer ɗin da suka shigo ƙasashen da Ingila ta mallaka galibi daga masana'antar Kilbowie ta Clydebank suke, kusa da Glasgow, wadda ta ƙera keke sama da miliyan ɗaya a 1913 kaɗai. Cikin duk samfuran kamfanin, wanda ya zauna daram a hannun telanmu shi ne mai lamba 15, wanda asalinsa ya faro a 1879. Ba shi da tarkace, yana cin yadi mai kauri, kuma duk inda ya ci tura ana iya kaiwa gare shi da sukundireba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antun Japan suka kwaikwaye shi suka cika duniya da shi, Usha ta Indiya ma ta yi nata, sannan Butterfly ta Shanghai ta zo da araha. Da aka rufe Clydebank a 1980, sannan darajar naira ta faɗi daga 1986, babu telan Kano da ya ajiye aiki don rashin kayan gyara. Allura iri ɗaya ce, kwarkwaro iri ɗaya ne, bel ɗin fata ma haka. Tela na iya gadon kan keke daga kakansa, ya shiga kasuwar Sabon Gari ya sayo masa ƙoshiyar Sin, ya dawo ya ci gaba da ɗinki kafin la'asar.

Saboda haka sunan da ke rubuce a hannun keke shi ne shaida mafi rauni, domin fenti da tambari kowa na iya shafawa. Wanda ya san kan abin yana fara duba gindin keken ta dama, gaban ginshiƙi, inda aka buga lamba a jikin ƙarfe. A kekunan Clydebank, lambar da ta fara da harafin Y ta tsakanin 1923 da 1935 ce, masu haruffa biyu da suka fara da E kuwa daga 1935 zuwa gaba, kuma jadawalin kamfanin yana nuna lokacin da aka ware kowane rukunin lambobi. Harafin K a bayan lambar samfur, kamar 15K ko 66K, Kilbowie yake nufi. Idan tambarin tagullar da ke ginshiƙi yana da shuɗin kewaye da rubutun 1851 da 1951, to keken na lokacin cikar kamfanin shekara ɗari ne. Daga nan sai a dubi ƙira. Mai lamba 15 maɗaurin zarensa yana fuskar hagu, kwarkwaronsa a tsaye yake cikin ƙoshiya, ana sa shi ta gefe. Mai lamba 66 maɗaurinsa yana kallon mai ɗinki, kwarkwaronsa kuma a kwance ake jefa shi ta sama. Akwai wani tarko da ke kama har waɗanda suka daɗe a sana'a: ƙoshiyar tsofaffin 15 da ta 'yan kwaikwayonsu, ɗan yatsanta yana nuni wajen ƙarfe ɗaya na agogo, amma ta samfurin 15-88 da 'yan uwansa wajen ƙarfe sha ɗaya take nuni, kuma daga dama ake zura masa zare. Keke lafiyayye ya sha zagi a kan wannan kaɗai, ana cewa ya mutu, alhali ƙoshiyar wani aka cusa masa.

Gyaran kansa haƙuri ya fi yawa a cikinsa. Abin da ke ƙame tsohon keke a Kano ba kasafai tsatsa ba ce, don iskarmu busasshiya ce. Ƙurar hunturu ce da gashin yadi ke haɗuwa da mugun mai su zama danƙo. Man gyaɗa da wasu ke ɗiga masa yana bushewa ya kama, baƙin man mota kuma yana tara datti. Kananzir ake bi da shi gaɓa-gaɓa ta ciki, a bar shi ya kwana, a juya ƙafar hannu a hankali har ta saki, sannan a sa farin man keke. A cire farantin allura a kwashe dattin da ya danƙare tsakanin haƙora. Idan yana tsallake ɗinki, a fara da sabuwar allura da duba yadda ta zauna kafin a taɓa saiti, domin bakin ƙugiya dole ya gifta dab da saman idon allura daidai lokacin da ta fara tasowa, kuma mai gaggawar kwance sukurori yakan ɓata abin da yake daidai. Sukurorin ma a adana su, don Singer ya yi musu nasa irin zaren sukuru, ba a samun su wurin mai sayar da noti. Bayan keke kuwa, inda zanen ruwan zinare yake, auduga da man keke sun isa. Sabulun wanki da sinadarai masu ƙarfi suna cinye siririn rufin da ke kare zanen, ya koma fari fat.

Masu tara tsofaffin kekuna a Turai da Amurka za su ce wannan haɗe-haɗen namu ɓarna ne, wai keken da aka sa wa kan Clydebank da ƙoshiyar Shanghai da teburin da kafintan unguwa ya buga ya rasa asalinsa. Suna da gaskiya idan darajar gwanjo ake magana. Amma keken da ya isa hannunsu cif-cif, galibi wanda ya yi shekara hamsin a ɗakin ajiya ne ba a taka shi ba. Namu ya yi shekarun nan yana ɗinkin Sallah da kayan makaranta da na amare, yana ciyar da gida, yana bai wa matar da ke cikin kulle abin hannunta. Ƙoshiyar Sin da ke cikinsa ita ce shaidar shekarun da kayan Ingila suka daina zuwa. Wasu kuma daga gida za su ce ai duk wannan wahala ce ta rashin wuta, ranar da lantarki ya tsaya, kekunan lantarki irin su Juki da Brother za su share fagen. A manyan shaguna sun riga sun share shi, kuma babu mai hankalin da zai ce keken ƙafa ya kamo su a gudu. Sai dai har yau a kan keken ƙafa ake koya wa yaro sarrafa yadi, don ƙafarsa ce ke ba shi gudun da hannunsa zai iya bi, kuma shi ne jarin da mai ƙaramin ƙarfi ke iya saya, ya gyara da kuɗin ɗinki biyu ko uku.

Inda masu tarawa suka fi mu shi ne kula da shaida. Mu kan kai keke wurin mai fenti a goge shi da takardar yashi, a feshe shi baƙi har a cike lambar, a manna masa sabon tambari don ya yi kuɗi. Ƙafafun ƙarfen zubi masu sunan kamfani a tsakiya kuma suna tafiya a kurar 'yan jari bola, ana auna su a sikeli da tsofaffin tukwane, kuma idan suka shiga narki ba mai sake zuba irin su. Duk mai tsohon keke a ɗakin tsohuwarsa, kafin ya kira mai fenti ko mai sikeli, ya goge gindinsa ta dama, ya rubuta lambar a takarda, ya kai wa mai gyara ya duba.