Gado da Wasiyya: Rigimar Shekara Goma Sha Uku Tsakanin Opeth da Masoyanta

A watan Agusta na 2024, ƙungiyar makaɗan nan ta ƙasar Suwidin mai suna Opeth ta saki waƙa ɗaya daga sabon albam ɗin da take shirin fitarwa. Waƙar ba ta da suna irin wanda aka saba gani. Alamar sashe ta takardun shari'a aka rubuta, da lamba a gefenta: §1. Ba a yi nisa da fara kiɗan ba sai wata murya ta ɓarke daga can ƙasan maƙogwaro, gurnani mai kauri kamar na zakin da aka tasa daga barci. Wanda bai san tarihin ba zai ɗauka ihu ne kawai. Amma ga dubban masoyan ƙungiyar, rabonsu da jin wannan murya a cikin sabon faifai tun 2008, kuma a kan rashinta ne aka shafe shekara goma sha uku ana ka-ce-na-ce, wasu suka yi fushi suka tafi, wasu suka zauna suna guna-guni, wasu kuma suka ce gara da ta tafi.

Kafin a fahimci yadda sautin maƙogwaron mutum ɗaya ya raba kan jama'a haka, sai an koma ga gidaje biyu da wannan kiɗa ya fito daga cikinsu. Gida na farko a Ingila yake, a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu matasa suka gaji da waƙar minti uku mai amshi. King Crimson ta fitar da albam ɗinta na farko a 1969, Yes da Genesis da Camel suka bi wannan turba, suna tsawaita waƙa, suna sauya ma'aunin kiɗa a tsakiyarta, suna aro daga jaz da kiɗan gargajiyar Turai. A 1972 Jethro Tull ta fitar da *Thick as a Brick*, waƙa guda ɗaya da ta cinye fuska biyu na faifan garmaho. Aka kira salon da kalmar Turanci *progressive*, wato mai cin gaba, wanda ba ya tsayawa inda aka same shi jiya. Gida na biyu shi ne na *metal*, wanda Black Sabbath ta aza harsashinsa a Birmingham a 1970: jita mai nauyin amo, ganguna masu tsawa, da jigogi na duhu da fargaba. A shekarun 1980 ƙungiyoyin Amurka irin su Queensrÿche da Fates Warning, sannan Dream Theater, suka ƙulla aure tsakanin gidajen biyu, aka sami abin da ake kira *progressive metal*.

Opeth ta shigo ne ta wata ƙofa dabam. An kafa ta a Stockholm a 1990, daidai lokacin da birnin ya zama cibiyar *death metal*, reshen da ya fi kowane tsanani, inda mawaƙi ba ya rera baiti sai dai ya yi gurnaninsa. Mikael Åkerfeldt yana da shekara goma sha shida ya shiga, kuma bayan wanda ya kafa ƙungiyar, David Isberg, ya fita a 1992, ragama ta dawo hannunsa. Sai dai yaron nan mayen tara tsofaffin faifai ne na shekarun 1970, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. Tun daga *Orchid* na 1995, waƙoƙinsa suna tafiya ne tsakanin hadari da sanyin safiya: a yi minti biyu ana gurnani da ruwan ganguna, sai kwatsam komai ya lafa, a bar jitar katako ita kaɗai da murya mai taushi. A *Morningrise* na 1996 akwai waƙar da ta kai minti ashirin. Wannan kai-da-komo tsakanin tsanani da laushi shi ne tambarin Opeth, kuma ya kai ƙololuwa a *Blackwater Park* na 2001, wanda Steven Wilson na ƙungiyar Porcupine Tree ya taimaka wajen tsarawa. Ko sunan albam ɗin ma aro ne daga wata ƙungiyar Jamus ta farkon shekarun 1970 da kusan kowa ya manta da ita. Alamar inda zuciyar mutumin take tana rubuce a bangon faifan da masoya suka fi ƙauna.

Akwai wani abu da ya faru a 2003 wanda masu ba da labarin rigimar sukan tsallake, alhali a ganina shi ne mabuɗinta. A wannan shekara Opeth ta fitar da *Damnation*, albam mai sanyi daga farko har ƙarshe, babu gurnani ko sau ɗaya. Ba a yi bore ba. Hasali ma, har yau yana cikin ayyukan da tsofaffin masoya suke yabo. Dalili kuwa shi ne tagwaye ne: an naɗe shi tare da *Deliverance*, mai tsananin nauyi, wanda ya riga shi fitowa da 'yan watanni a 2002. Kowa ya san yawon buɗe ido ne, za a dawo gida. Kuma an dawo, domin *Ghost Reveries* na 2005 da *Watershed* na 2008 duk sun zo da gurnaninsu. A watan Afrilu na 2010 ƙungiyar ta yi bikin cika shekara ashirin a Royal Albert Hall da ke Landan, ta kaɗa *Blackwater Park* gaba ɗayansa. Babu wanda ya fita daga zauren nan yana tunanin bankwana ya halarta.

Åkerfeldt ya sha ba da labarin abin da ya biyo baya. Ya fara rubuta sababbin waƙoƙi a kan salon *Watershed*, ya kunna wa Martín Méndez, ɗan asalin Uruguay da ke kaɗa jita mai kaurin amo a ƙungiyar tun ƙarshen shekarun 1990. Méndez ya nuna masa cewa idan wannan ne sabon albam ɗin, to bai gamsu ba. Åkerfeldt, wanda dama zuciyarsa ba ta kwanta da waƙoƙin ba, ya goge su ya sake lale. Abin da ya fito a watan Satumba na 2011 shi ne *Heritage*, wato Gado. An naɗe shi a situdiyon Atlantis da ke Stockholm, inda ABBA ta yi ayyukanta na farko. Ya buɗe da fiyano mai sanyi, ya cika da amon tsofaffin kayan kiɗa irin su Hammond da Mellotron, akwai waƙa guda da aka sadaukar ga Ronnie James Dio wanda ya rasu a 2010. Gurnani kuwa babu. A bangon faifan, Travis Smith ya zana bishiya mai 'ya'ya, 'ya'yan kuwa kawunan 'yan ƙungiyar ne, saiwoyinta sun nutse cikin wuta a ƙarƙashin ƙasa. Saƙon bai ɓuya ba: daga can muka tsiro, amma ba can muke zaune ba.

Abin da ya mai da ɓacin rai ya zama rigima shi ne rangadin da ya biyo baya. A wasannin ƙarshen 2011, ƙungiyar ta zaɓi waƙoƙin da babu gurnani a cikinsu kaɗai, har daga cikin tsofaffin. Mutumin da ya sayi tikiti, ya yi tafiyar sa'o'i, ya tsaya yana jiran waƙar da ta raka shi cikin ƙuruciyarsa, sai ya ga an zauna a kan kujera ana kaɗa jitar katako. A wasu zaurukan an riƙa ɗaga murya daga cikin taro ana neman tsofaffin waƙoƙi, shi kuma Åkerfeldt, wanda ya yi suna wajen barkwanci mai yaji a kan dandali, yana mayar da martani cikin zolaya. A 2012 ya bar Bloodbath, ƙungiyar *death metal* zalla da yake yi wa waƙa a gefe, abin da mutane da yawa suka ɗauka a matsayin rufe ƙofa da sakata. Daga nan masoya suka ƙirƙiro sunaye biyu da har yau ake amfani da su, Oldpeth da Newpeth, tsohuwar Opeth da sabuwa, kamar ana maganar ƙungiyoyi biyu da ba su haɗa komai ba sai suna.

Hujjojin ɓangarorin sun cancanci a saurare su da adalci, domin babu wanda ya rasa abin faɗa. Masu goyon baya suka ce ai sunan salon ma ya ishe su hujja: yaya za a kira kiɗa mai cin gaba sannan a ɗaure mai yin sa a turken 2001? Suka ce mutumin da ya kusa shekara arba'in ba dole ba ne ya ci gaba da yin abin da ya fara yana ɗan sha shida, kuma faifan da aka yi don gudun fushin jama'a ba ya daɗewa. Masu suka kuwa, na kirkinsu, ba cewa suka yi laushi laifi ne ba, tunda su ne suka rungumi *Damnation*. Cewa suka yi abin da ya bambanta Opeth da kowa shi ne haɗuwar duhu da haske a cikin waƙa guda, kuma da aka cire ɗaya, ɗayan ma ya rage daraja, kamar yadda inuwa ba ta da daɗi sai inda rana take. Suka ƙara da tambayar da na ga ta fi kowace kaifi: wane irin cin gaba ne mutum ya bar salon da shi ya ƙirƙira, ya koma kwaikwayon abin da Turawan Ingila suka gama yi a 1973? A nan kalmar *progressive* ta tona asirin kanta. Ta fara a matsayin niyya, ta ƙare a matsayin sunan wani amo na wani zamani, har ya zama ana iya komawa baya shekara arba'in da sunanta.

Ni dai ina ganin masu sukar sun fi gaskiya game da *Heritage* kansa, domin albam ne mai ɗinki a fili, sassansa ba su gama haɗuwa ba. Amma sun yi kuskure game da hanyar da ya buɗe. *Pale Communion* na 2014 ya fi shi nutsuwa da daɗin karin murya, *Sorceress* ya biyo a 2016, sannan *In Cauda Venenum* na 2019, wanda aka fitar da harshen Suwidin da kuma Turanci, ya nuna mawaƙin da ya gama mallakar sabon harshensa na kiɗa. Kasuwa ma ba ta bi masu fushi ba. *Heritage* ya shiga jerin Billboard 200 na Amurka a matsayi na 19, sama da na 23 da *Watershed* ya samu, kuma a shekarun Newpeth ne ƙungiyar ta yi wasa a Wembley Arena da gidan opera na Sydney. Tsofaffin waƙoƙin gurnani kuma sun dawo dandali tun 2012. Abin da ya rage shi ne a sabon faifai ba a jin su, kuma ga wasu wannan kaɗai ya isa.

Ba Opeth aka fara yi wa haka ba. A 1966 a Manchester, wani daga cikin 'yan kallo ya jefi Bob Dylan da sunan Yahuza, wanda a wurin Kiristoci shi ne alamar cin amana, don kawai ya rataya jitar lantarki. Wanda ya ji waƙa a lokacin da yake buƙatarta yakan ɗauka yana da kaso a cikinta, kuma ba na jin wannan wauta ce. Shi ya sayi faifan lokacin da babu mai saye, shi ya cika ƙananan zauruka. Idan ya ce an ci amanarsa, yana maganar alkawarin da ba a taɓa rubutawa ba amma shi ya yi imani an ɗauka.

Sai ga 22 ga Nuwamba 2024, ranar da *The Last Will and Testament* ya fito, wato Wasiyyar Ƙarshe. Murna ta farko ba ta daɗe ba kafin ra'ayi ya sake rabuwa, wannan karon ta fuskar da ba a zata ba. Waɗanda suka yi tsammanin *Blackwater Park* na biyu sun tarar da wani abu dabam. Waƙoƙin ba su da tsawon na da, babu dogayen sassan nan da ake maimaitawa har su shiga jiki, kiɗan yana sauya alkibla kafin kunne ya zauna, sabon mai ganguna Waltteri Väyrynen ɗan Finland yana cika kowane gurbi. Ga kayan kiɗa masu tsirkiya da Dave Stewart ya tsara, ga Ian Anderson na Jethro Tull, mutumin *Thick as a Brick* da kansa, yana busa sarewa yana kuma karanta sassan wasiyyar, ga Joey Tempest na ƙungiyar Europe ya sa murya a waƙa guda. Wato ginin na Newpeth ne, gurnanin ne kawai ya dawo ya zauna a cikinsa. Wasu tsofaffin masoya suka ce ya wadatar, sun yafe. Wasu suka ce an ba su muryar amma an hana su waƙoƙin. Daga ɗaya ɓangaren kuma, cikin waɗanda suka shafe shekaru suna kare sauyin, aka sami masu jin an sassauta wa masu ƙorafi. Åkerfeldt dai ya danganta dawowar muryar da buƙatar labarin da albam ɗin yake bayarwa.

Labarin kuwa, wanda ya ce shirin talabijin na *Succession* yana cikin abubuwan da suka zaburar da shi, ya faru ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wani attajiri mai tsaurin ra'ayi ya mutu, iyali suka taru a gidansa a karanta musu wasiyya, waƙoƙi bakwai na farko su ne sassanta, daga §1 zuwa §7. Akwai tagwaye da suka girma suna ɗaukar kansu magada, akwai kuma wata yarinya mai fama da shan inna da aka raina a gidan. Wasiyyar ta bayyana cewa tagwayen ba jininsa ba ne, ba su da komai, dukiyar duka ta yarinyar ce, domin ita ce 'yar da ya haifa da mai aikin gidan. Waƙa ta takwas, wadda ita kaɗai ke da suna, "A Story Never Told", babu gurnani a cikinta ko kaɗan. A cikinta ne ake gane cewa mai aikin ƙarya ta yi wa maigidan, yarinyar ma ba 'yarsa ba ce.