Tarihin Makamashin Fanko

Makamashin fanko shi ne ragowar ƙarfin da kimiyyar kwantom ta ce yana nan a sarari ko da an kwashe komai, an kuma sanyaya wurin iya sanyi. Bakin masana bai zo ɗaya ba kan mafarinsa. Wasu na kafa shi a 1911, lokacin da Max Planck ya sake lissafin hasken da zazzafan abu ke fitarwa, sai wani ɗan guntun makamashi ya ƙi ɓacewa. Amma Planck kan ƙwayoyin zarra masu kaɗawa yake magana. Walther Nernst ne ya ɗora wa sarari kansa wannan makamashi a 1916, kuma wannan shekarar ta fi cancanta.

Tun a lokacin aka ga gardamar lissafin. In saurin kaɗawar igiyoyin haske ya ninku biyu, jimillar rabon makamashin igiyoyi masu wannan saurin sai ta ninku takwas, haka yake ta hawa ba tsayawa. An ruwaito cewa Wolfgang Pauli ya gwada lissafa nauyin wannan makamashi, ya ga da gaskiya ne, da sararin samaniya ya nannaɗe tun bai kai wata ba.

Hujja kuwa daga kamfanin ƙwan lantarki ta ɓullo. A ɗakin binciken Philips da ke Eindhoven, ƙasar Holan, an lura ƙananan ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa ba sa jan juna yadda lissafi ya ce. Hendrik Casimir da Dirk Polder suka warware wannan. Da Casimir ya ba Niels Bohr labari suna tattaki, sai dattijon ya yi wani gunaguni game da ragowar makamashin nan. Gunagunin ya isa. A 1948 Casimir ya nuna cewa faranti biyu na ƙarfe, ba caji a jikinsu, za su matso juna a cikin fanko, domin igiyoyin da ke samun shiga tsakaninsu ba su kai na waje yawa ba. A rage rabin tazarar, ƙarfin ya ninku sau 16. Marcus Sparnaay ya gwada a 1958, sai dai kuskuren awonsa ya kusa kai girman abin da yake aunawa. Sai a 1997 Steve Lamoreaux ya auna shi da kyau a Amurka.

Yakov Zeldovich ya danganta batun da faɗaɗar sararin samaniya a 1967. Awon fashewar taurari na 1998 ya nuna makamashin da ke can ya gaza lissafi da ninkin da ake rubutawa da 1 mai sifili kusan 120 a bayansa. Hujjar farantan ma ba ta tsira daga gardama ba: a 2005 Robert Jaffe ya nuna ana iya lissafa ƙarfin da Casimir ya gano ba tare da an ambaci fanko ba.