Ladi Kwali, Maginiyar Tukwane

Duk wanda ya shiga kasuwar Tudun Wada ko ta Kiru ya ga tuluna da randuna jere a rana, amma da wuya ka ji ya tambayi sunan wadda ta gina su. Ga labarin wata maginiya wadda aka san sunanta har Ingila da Amurka.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne. Tun tana ƙarama ta koya wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Takan murza yumɓu kamar igiya, ta riƙa ɗora shi bisa juna tana kewaya tulun, har ya tashi daidai kamar an auna. Kafin ya bushe sai ta zana masa kunama, da hawainiya, da kada, da kifi, da tsuntsu. Zanen nan kuwa ba yadda ido ke ganin dabbobin ba ne. Za ka ga ƙadangare an shimfiɗa shi, jikinsa duk layi-layi, kamar abin da mutum ya gani cikin barci. A Faransa tun 1924 akwai masu zane da suka ɗaura aniyar zana irin abin da ake gani a mafarki. Ladi ba ta cikinsu, nata daga matan garinsu ta gada.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tulunanta a gidansa. Can ne wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su, ya yi mamaki ƙwarai. Da ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, watau Suleja ta yanzu, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, tana yin kwanoni da kofuna, amma ba ta bar ginin hannu ba.

To, a nan ne abin ya sake. Tulun Gwari a fili ake gasa shi da itace da ciyawa, ba shi da nauyi, yana kuwa sanyaya ruwa. Na makaranta aka shafa masa abin da ke sa ƙyalli, aka gasa shi cikin wuta mai tsananin zafi har ya zama kamar tangaran. Ya yi kyau, ya yi ƙarko, amma ya yi nauyi da tsada, ba macen da za ta ɗauke shi zuwa rafi. Ya zama abin ado a ɗakunan masu kuɗi. A ganina an sami riba, an kuma yi hasara.

An nuna aikinta a London a 1958 da 1959 da 1962, ta kuma zaga Amurka a 1972 tana gini gaban jama'a. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, ita da ba ta yi karatun boko ba. Wasu mata, kamar Halima Audu da Asibi Ido, sun bi sawunta zuwa makarantar, daga baya ma aka sa wa wurin sunanta.

Ta rasu a Minna a watan Agusta na 1984. A 2007 aka sa hotonta bayan takardar naira ashirin, tana sunkuye bisa wani babban tulu.