"Faɗuwar Birni": wasan rediyon 1937 da ya ba da labarin garin da ya durƙusa wa sulke

Yau wani tsohon wasan kwaikwayo na rediyo muka ɗauko muku. Sunansa The Fall of the City, wato Faɗuwar Birni. Wani marubucin waƙoƙi ɗan Amurka, Archibald MacLeish, shi ya rubuta, gidan rediyon CBS kuma ya watsa shi ranar 11 ga Afrilu 1937, lokacin da Hitler ke mulkin Jamus, Mussolini ke riƙe da Italiya. Tsawonsa minti 30 ne, kuma a waƙe aka tsara shi.

Dabarar da ta fi burge mu, mu ma'aikatan rediyo, ita ce an shirya wasan kamar rahoto kai tsaye. Orson Welles ne ya fito a ɗan jarida, yana tsaye a dandalin wani birni marar suna yana faɗin abin da idonsa ke gani. Don a ji hayaniyar taro sosai, a wani ƙaton zauren soja na New York aka yi wasan, da mutane wajen 200.

Wata mata da ta mutu ce ke fitowa daga kabari, ta ce birnin zai samu ubangida. Tsoro ya shiga jama'a. Manzo ya iso da labarin wani mayaƙi da ke tafe yana cin garuruwa. Wani mai iya baki ya ce kada a ɗauki makami, limaman garin suka ce a koma ga alloli, wani tsohon janar ya ce a tashi a kare kai. Ba wanda ya saurari janar ɗin. Mutane dai sun gaji da ɗaukar nauyin kansu, so suke wani ya karɓa.

To, mayaƙin ya shigo cikin sulke da kwalkwali, kowa ya kifa fuska ƙasa. Ɗan jaridar kaɗai ya rage a tsaye, shi ne ya ga an buɗe kwalkwalin: ba kowa a ciki, ƙarfe ne zalla. Ya faɗa, amma sowar jama'a ta danne muryarsa. Ko kibiya ɗaya ba a harba ba fa.

Wata 11 bayan haka, a Maris 1938, sojojin Jamus suka shiga Ostiriya ba tare da faɗa ba, ƴan jaridar rediyo na ba duniya labarin dandazon da ya fito tarbar Hitler a birnin Vienna.