Jego da Biki a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

A ƙasar Dutsin-Ma ta Yandakan Katsina da ta Kurfi ta Maraɗin Katsina, renon yaro tun asali aikin matan gida ne da na unguwa baki ɗaya, kuma al'ada ce ta tsara wanda zai ɗauki kowane nauyi. Mai cikin fari takan koma gidan iyayenta idan cikin ya tsufa, abin da ake kira goyon ciki, domin ta haihu a hannun ungozoma da tsofaffin da suka san hidimar. Daga nan sai jego, wato kwanaki 40 da maijego ke yi tana wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa, ana dafa mata ƙauri, maƙwabta kuwa suna kawo itace da ruwa, suna goya yayan jaririn.

Ginshiƙin wannan zumunci shi ne biki, wato gudummawar kuɗi ko hatsi ko sabulu da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna, wadda ita ma za ta mayar, sau da yawa da ƙari, idan sha'anin wadda ta kawo mata ya zo. Mary Smith ta bayyana irin wannan ƙawance a littafinta kan rayuwar Baba ta Karo a 1954, Polly Hill kuma ta nazarci zaman ƙauyen Batagarawa, maƙwabciyar Kurfi, a littafinta na 1972. Da yake biki bashi ne da ake tunawa, ya fi kyauta ɗorewa, domin yakan ɗaure mata biyu shekara da shekaru, daga haihuwa zuwa yaye, lokacin da ake kai yaro wurin kakarsa ya manta da nono, har zuwa auren 'ya'yan.

Al'adar jego tana da illarta, domin a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun danganta yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciya bayan haihuwa, kuma gyaran da asibiti ya kawo abin yabo ne. Yau iyaye mata suna haɗuwa a wurin awo da rigakafi, da Islamiyyar matan aure, da wajen zubin adashe. Sai dai babbar asarar wannan zumunci tana kan matan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu, waɗanda ke haihuwa a gidajen haya na Dutsin-Ma, nesa da ƙawayen da suke bi bashin biki.