Tarihin Sanya wa Tsuntsayen Ruwa Alamar Launi

Sanya alamar launi hanya ce da masu binciken ƙaurar tsuntsaye ke bi don su gane tsuntsu guda daga nesa, ba sai sun sake kama shi ba. Akan sa masa zoben roba mai launi a ƙafa, ko 'yar tuta mai haruffa, ko abin wuya in dangin dinya ne. Littattafai sun sha bamban kan mafarin abin. Yawancinsu da 1899 suke farawa, shekarar da wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya soma sa wa tsuntsaye zoben alminiyam mai lamba. Amma wannan zoben ƙarfe ne, ba a karanta shi sai tsuntsu ya zo hannu, galibi a mace. Launi ya zo daga baya, kuma mafi yawan tarihinsa na rabon launuka ne tsakanin ƙasashe.

Akwai labarin da ya girmi na Mortensen, wanda ya kamata a fi ambatonsa. A 1892 wani attajiri, Friedrich Falz-Fein, ya rataya wa wani tsuntsu dangin gauraka ɗan bututu mai takarda a ciki, ya sake shi daga gandunsa na Askaniya-Nova, a kudancin Yukren ta yau. A yankin Dongola na Sudan aka harbe shi. Aka kai takardar Omdurman gaban Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, shi kuwa ya yi zaton saƙon asiri ne, ya kira fursunansa Rudolf Slatin ya karanta. Sai da Slatin ya gudu daga tsare a 1895 labarin ya koma ga mai tsuntsun.

A 1963 hukumomin sa zobe na ƙasashen Turai suka haɗu a Faris suka kafa EURING, don lambobinsu da yadda suke rubuta bayanai su zo ɗaya. Ba a jima ba aka samu wata roba mai hawa biyu, wadda in an sassaƙa na sama sai launin na ƙasa ya fito da harafi. Masu nazarin dinya a Slimbridge ta Ingila na cikin waɗanda suka fara amfani da ita. A 1977 cibiyar Tour du Valat da ke fadamar Kamarg a kudancin Faransa, ƙarƙashin Alan Johnson, ta soma sa irin wannan zobe ga 'ya'yan filamingo kowace shekara. Aka riƙa karanta su da madubin hangen nesa a Sifen, Tunisiya, Muritaniya da Senegal. Tsuntsu guda sai ya bar tarihin shekaru a rubuce, alhali zoben ƙarfe sau ɗaya yakan yi magana.

Nan matsalar ta kunno kai. Launukan da ido ke rarrabewa daga nesa ba su da yawa: ja, fari, baƙi, rawaya, kore, shuɗi, ruwan lemo, sai 'yan kaɗan. Rana tana koɗar da ja ya koma kamar ruwan lemo, fari yana dafewa ya yi rawaya, laka tana rufe na ƙasa. Ga shi tsuntsu ƙafa biyu kawai gare shi. Idan mai bincike a Holan da wani a Folan suka sa ja bisa fari a ƙafar hagu ta jinsi ɗaya, aikin duka biyun ya lalace, domin wanda ya hangi tsuntsun a Afirka ba zai san na wane ne ba. Ƙungiyar nazarin tsuntsayen bakin gaɓa, wadda aka kafa a Birtaniya a 1970, ita ta ɗauki nauyin riƙe rajista: kafin mutum ya sa zobe ko ɗaya, sai ya nemi a ware masa jerin launukan da babu mai su. Har wurin zoben ana ƙayyadewa, sama da gwiwa ne ko ƙasa, hagu ne ko dama. A 1995 wani ɗan Beljiyam, Dirk Raes, ya fara tattara ayyukan Turai duka wuri guda a intanet, aikin sa kai, don wanda ya ga zobe ya san wa zai rubuta wa.

Turai ke nan, inda kowane aiki ke da rabonsa. Nahiyar Amurka ta bi wata hanya a tsakiyar shekarun 1980: kowace ƙasa da launin tutarta. Kanada fari, ƙasar Amurka kore, Birazil shuɗi, Chile ja, Ajantina ruwan lemo. Tsarin ya fi sauƙin koyo, ko da ba a karanta harafi ba an san ƙasar. Wani sanannen tsuntsu mai lamba B95, wanda aka fara sa wa zobe a Riyo Girande ta kudancin Ajantina a Fabrairun 1995, tutar ruwan lemo yake ɗauke da ita, kuma an ci gaba da ganinsa har 2014, yana kai-komo tsakanin can da arewacin Kanada.

Ostireliya ta soma tuta a 1990, jihar Biktoriya ta ɗauki ruwan lemo, arewa maso yamma rawaya, Kwinsilan kore. Karo da Ajantina bai dami kowa ba, tunda hanyoyin ƙaurar ba sa haɗuwa. Da ƙasashen gabashin Asiya suka shigo, launi ɗaya-ɗaya ya ƙare, sai aka koma haɗa biyu: tsibirin Congming na Sin baƙi bisa fari, Hon Kon fari bisa rawaya.

Afirka tana da tsuntsayen, masu karanta zoben ne suka yi ƙaranci. An ƙulla yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya a 1995, Nijar da Nijeriya suna ciki, kuma ƙarƙashinta aka kafa shirin sa zobe na AFRING, wanda aka riƙa gudanarwa daga Kef Tawun. Agwagin daji da tsuntsayen gaɓa na Turai suna cika fadamun Haɗeja da Nguru da Tafkin Chadi da rani, amma galibin karatun zoben launi a Afirka ta Yamma daga gaɓar teku yake fitowa, Muritaniya da Senegal da Gini Bisau, inda ayarin masu bincike ke zuwa daga Turai da madubansu. Irin zargin da aka yi wa tsuntsun Falz-Fein kuwa bai ƙare ba: a 2013 wani mutum a lardin Kina na Masar ya kama farar shamuwa daga Hangari mai na'urar bin sawu a baya, ya miƙa ta ga 'yan sanda bisa zargin leƙen asiri. An sake ta, ba da daɗewa ba aka tsinci gawarta kusa da Aswan.