Asalin Kalmar "Travail" da Ma'anarta

A cikin kalmomin Ingilishi masu nufin aiki mai tsanani akwai wadda ta cancanci malamai su dube ta da kyau, watau *travail*. Ba kowane aiki ake kira da ita ba, sai wanda ya gallabi mai yinsa har ya sha wuya. Tarihinta shi zai nuna mana dalili.

Mafi yawan masana harshe sun yarda cewa tushenta a Latin yake, daga kalmar *trepalium*, wadda aka harhaɗa daga *tres*, watau uku, da *palus*, watau turke. Turaku uku ne da akan ɗaure mai laifi a jikinsu a gana masa azaba. An sami kalmar a rubuce cikin dokokin wani taron shugabannin Kirista da aka yi a garin Auxerre na ƙasar Faransa wajen ƙarshen ƙarni na 6, inda aka hana limamansu tsayawa a wurin da ake azabtar da masu laifi.

Daga nan ta shiga tsohon Faransanci da ma'anar azabtarwa da shan wahala. Sa'ad da Normawa suka ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, kalmomi da yawa kuwa suka bi su suka ƙetare teku. Ita wannan ta bayyana cikin Ingilishi a ƙarni na 13, sa'an nan ta rabu gida uku. Na fari, aikin wahala. Na biyu, naƙudar haihuwa, kamar yadda ta zo cikin fassarar Baibul ta 1611. Na uku, tafiya, gama kalmar *travel* daga gare ta ta fito a ƙarni na 14. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san labarin fataken dā da abin da sukan gamu da shi a hanya.

Amma a Faransa sai zafinta ya huce, ta zama sunan kowane irin aiki, na ofis ko na gona. Saboda haka ne Faransawa ba su iya kiran aikin tilas da suka ɗora wa talakawan ƙasashen da suka mallaka, har da Nijar, sai sun ƙara mata *forcé*. Dokar 11 ga Afrilu 1946, wadda ake kira da sunan Houphouët-Boigny, ita ta hana shi.

To, a nan ne ya kamata malami ya lura. Ɗalibin Damagaram da ya koyi Faransanci, in ya ga *travail* zai ce aiki, kuma ya yi daidai. Na Kano kuwa, in ya tarar da ita cikin littafin Ingilishi ya ce aiki, ya ɓata, domin can wahala ce ko naƙuda. Tushensu ɗaya, rubutunsu ɗaya, amma mai fassara sai ya fara tambaya daga bakin wa kalmar ta fito.